Bututun Malam da Basillata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka kawo mana matatar ruwa ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. (Ke mai rubuta mini, sa shi yadda na faɗa, kada ki rage.)

A lokacin kurkunu ya addabi ƙauyenmu da ke bakin fadamar Haɗeja. In kogi ya janye, sai ya bar kududdufai, maza suna aikin shinkafa suna sha daga ciki. Sai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Saratu, mutuniyar Filato, ta tara mu mata a gidan mai unguwa. Ta ce akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari a ruwan, su ke kawo cutar. Ta nuna mana abu biyu, ta ce kowane gida ya zaɓi ɗaya: ƙyalle mai zare da ake ɗaurawa a bakin tulu, ko ɗan bututun roba mai igiya, a rataya a wuya, a zuƙi ruwa da shi a daji.

Maƙwabciyata Talatu ta wawuri ƙyalle. Na ce, "Haba Talatu, mijinki a tsakar gida yake noman? Mutum yana wuni a fadama, tulun zai goya?" Na ɗauki bututu. Malama Saratu ta ce, "Mama ta yi tunani." Kaina ya kumbura. Nan fa Shaiɗan ya samu wurin zama.

Da na je gida na tsoma shi a ƙwarya na zuƙa. Ruwa na zuwa ɗis-ɗis, kumatuna har ciwo. Na leƙa ciki, na ga wata raga ta tare bakin. Na ce lallai masu ƙera shi sun manta ba su huda ba. Ni mijina, tsoho da shi, ya durƙusa cikin rana yana tsotso kamar jinjiri? Na ɗauko basilla na farke ta tas.

Malam, Allah ya jiƙansa, ya dawo da yamma yana murna. "Baiwar Allah, abin nan kamar famfo!" Jin haka na bi gidajen maƙwabta da basillata, ina yi wa mata gyara kyauta. Har goro aka ba ni.

Bayan an kwana biyu Malama Saratu ta dawo duba mu. Ba wanda ya kira ni, ni na miƙe. Na ce, "Malama, kayanku na da kyau, sai dai a gaya wa masu yi su riƙa ƙarasa aiki." Na miƙa mata na Malam.

Ta ɗaga shi ta kanga a ido, ta hango ni ta ciki.

"Mama, ina ragar?"

"Na cire miki ita, 'yata. Ba sai kin gode ba."

Ta zauna a kan turmi, ta dafe kai. "Mama, ragar ita ce matatar. Wannan yanzu kara ne kawai."

Sai Talatu, da muryar nan tata kamar ta makauniyar akuya, ta ce, "A'a, ku ba injiniya hanya, ta yi tunani!" Mata suka kwashe da dariya, ban da waɗanda na yi wa gyara. Su kam kallon da suka yi mini, da ƙasa ta tsage da na shige da zanina.

Kuma ni ma ina da abin faɗa! Wa ya ce mana jinkirin nan shi ne aikin? An nuna mana hoton tsutsa, an tafa hannu, an tafi. Ni da ban taɓa shiga aji ba, a ina zan sani?

An sake ba mu sababbi, amma ruwan da aka sha an sha. Kurkunu kuwa sai ya shekara a jiki yake fitowa. Na shekara ina kallon ƙafafun mazan unguwa a sace. Su Allah ya tsare su. Malam ne, daidai lokacin yankan shinkafa, idon sawunsa ya yi ƙurji, farar tsutsa ta leƙo. Ya kwanta, tsuntsaye suka cinye rabin gonar, sauran ni na shiga da lauje na yanka.

Kullum da safe ina naɗe masa tsutsar a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke ƙafa ta lalace. Ina yi ina kuka. Shi kuwa yana cije baki yana cewa, "Baiwar Allah, wannan dai ki bar ta yadda mai ita ya ƙera ta."

Bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Allah, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da ya zage ni sau ɗaya, da na huta.

Abin da na koya shi ne, in kin ga abu ya tare hanya, tambayi wanda ya ajiye shi kafin ki kawar. In kuma kin riga kin yi wautar, ki yi ta a ɗakinki, kada ki kai wa maƙwabta har su ba ki goro.