Ranar da Nasiba ta ciyar da ni a wurin awo

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar awo a Salaga ba, kuma ko na so in manta matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Nasiba, 'yata ta fari, tana wata takwas a lokacin. Ni kuma sabuwar uwa ce mai shagon ɗinki a bakin titi, mai ganin raino ai na haddace shi tun kafin in haihu.

Har ta cika wata shida ba mu da wata matsala. Nono zalla, kamar yadda aka ce mana a asibiti. Yarinya ta yi ɓul-ɓul, jigidar da kakarta ta ɗaura mata ranar suna har tana shigewa cikin nama. (A wurinmu jigidar jariri ba ado kaɗai ba ce, da ita tsofaffi ke gane ko yaro na ƙiba ko yana ramewa.) Duk wata sai in saɓa ta mu tafi awo. Ana rataye ma'auni a reshen mangwaro, a sa yaro cikin ɗan wando mai dogon maɗauri, a saƙala shi yana lilo yana tsala ihu. Wandon Nasiba ni na ɗinka shi da hannuna, har da leshi a baki. Allurar ma'auni ta haura, in waiwaya in ga ko sauran mata sun gani.

Da lokacin fara abinci ya yi, mahaifiyata ta aiko da gari daga Bawku: gasasshiyar masara da waken suya da gyaɗa, an niƙa su tare. Baban Nasiba direban motar doya ne, shi ya taho da shi cikin roba. Na dama, na zuba madara, na ƙara sukari. Ƙamshi ya cika ɗaki. Na zaunar da Nasiba a cinya, na yi bisimilla, na kai cokali.

Ta datse baki.

Na lallaɓa, ta juya kai. Na yi waƙa, ta kalle ni kamar na zo karɓar haraji. Ɗan abin da ya samu shiga ta furzo mini shi a gaban riga. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da kowace uwa ta sani. Na ce, "Kin gani? Mama za ta ci. Aaam!" Na kai cokalin bakina. Nasiba ta ƙyalƙyale da dariya. Na ce to, an samu hanya. Na sake kai mata, ta datse. Na sake nuna mata yadda ake yi. Wallahi garin nan da daɗi, tsohuwata ba ta wasa da suyar gyaɗa. Ina nuna mata, ina nuna mata, sai na ji cokali yana ƙara a gindin kwano.

Ku fahimce ni, ban tashi da niyyar cinye abincin jaririya ba. Da safe nono nake fara ba ta har ta ƙoshi don ta bar ni in yi shara in ɗebo ruwa, sannan in dama kunun ina sauri, ni kuma ko karyawa ban yi ba, ga ɗinkin mutane yana jira. Mai shayarwa, ciki wayam, kwanon kunu mai zafi a hannu, yarinya ta ce ba ta so. Zubarwa kuma almubazzaranci ne. Har fatawa na ba kaina: ai duk abin da na sha, ta nono zai koma cikinta.

Da na fito da kwano fes, maƙwabciyata a gidan haya, Amariya Fati, ta leƙa ta ce, "Kai! Yarinyar nan akwai ci, tubarkalla." Nan ne ya kamata in ce a'a. Sai na yi murmushi na ce, "Ai ba ta wasa." Da yamma Amariya ta faɗa wa Baban Nasiba, shi kuma ya kira mahaifiyarsa a Yendi yana alfahari, wai 'yarsa kwano guda take tashi da shi safe da yamma. Gari ya ƙare da wuri, Bawku ta aiko da roba mafi girma. Rigunana suka fara matse ni a hammata. (Amfanin zama tela ke nan: sai in farke gefe in ƙara, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.)

A awon wata bakwai allura ba ta motsa ba. Nas ɗin da muke kira Madam, wata doguwar 'yar Gwanja da ba ta san kwana-kwana ba, ta tambaye ni ko yarinyar na cin abinci. Na ce sosai ma. Ta ce to a sa ido. Na koma gida da alƙawarin ko lasa ba zan ƙara yi ba. Amma Nasiba ta riga ta gane wasan. Da ta ga cokali sai ta fara dariya tana jiran in ce aaam, in kuwa na matsa mata, kuka har da shiɗewa. Sai in ji tausayi in ba ta nono, kunu kuma ya bi tsohuwar hanyarsa. Jigidar nan da ke shigewa cikin nama ta fara sauka ƙasan cibiya. Kullum in na yi mata wanka ina gani, sai in yi maza in sa mata riga.

Ana gobe awon wata takwas, sai ga surukata daga Yendi, ta zo ganin jika mai ci. Mma muke ce mata, mace ce mai ƙarancin magana. Ta karɓi Nasiba, ta ɗaga ta sama kamar mai gwada nauyin doya a kasuwa, ta zura yatsu biyu ƙarƙashin jigida suka shige salin alin. Ta kalli yarinyar, ta kalli damatsana. Abin da ta ce kawai shi ne, "Gobe tare za mu je."

Wurin awo ya cika, mata a kan benci sun sha ado, jarirai sai ƙamshin hoda. Aka kira mu. Na sa wa Nasiba wandonta mai leshi, aka saƙala ta. Allura ta yi rawa ta tsaya ƙasa da inda ta tsaya wancan watan. Madam ta cire tabarau. (Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.)

"Maman Nasiba, me kake ba shi?"

Kafin in haɗa ƙarya Mma ta amsa mini. "Kwano guda na kunu, safe da yamma. Haka aka faɗa mana a Yendi."

"Ka zo da shi?"

Na zo da shi mana, cikin fulas, don a ga ni uwa ce mai shiri. Madam ta jawo kujera tsakiyar fili ta ce in zauna in ba ta kowa ya gani, wai sauran mata ma su ƙaru. Na zauna, na zuba a kwano. A zuciyata ina roƙon Allah yarinyar nan ta rufa mini asiri ko da cokali ɗaya. Na ɗebo, na hura, na kai.

Nasiba ta washe baki da haƙoranta biyu. Ta sa hannu bibbiyu ta kama wuyan hannuna, ta juya cokalin, ta tura shi wajen fuskata, ta ce da ƙarfinta, "Aaam!"

Ni kuma na buɗe baki na haɗiye.

Wallahi ban san na yi ba. Baki ne ya saba. Abin da ya fi muni, sai da hannuna ya koma kwano ya ɗebo na biyu kafin hankalina ya dawo. Nasiba tana tafi, ta ga an yi wasan daidai yadda ake yi a gida. Sai dariya ta fashe tun daga bencin gaba har na baya. Wata ta ce, "Madam, a sauke yarinyar a rataya uwar!" Amariya Fati, da ta kawo nata ɗan, ta riƙe ciki tana cewa, "Ashe ke ce ba kya wasa!" Mma kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "To. Yanzu na ga inda garin Bawku ya sauka."

Madam ta tsawatar, aka yi shiru. Ba ta zage ni ba, tambayoyi ta jero. Yaushe nake ba ta, tana ƙoshe ko tana jin yunwa, me nake zubawa a ciki. Ta ce nono a ci gaba da shi, amma kada in ɗura mata shi har wuya sannan in kawo kunu, kada kuma in jira sai tana kuka. Sukarin nan a cire, don harshena na sa shi. Cokali biyu ko uku ma ci ne ga mai koyo, in ta ƙi yau a sake gobe, a canza mata da dakakkiyar doya da garin kifi da ɗan ganye. Ta ce in yarinyar ta ƙara sauka, maganar ta bar gindin mangwaro ta koma cikin asibiti.

A cikin keke mai ƙafa uku, a hanyar gida, na yi kuka. Dariyar matan ta yi mini ciwo, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga jigida tana sauka na rufe ta da riga don kada a ce ban iya ba. Ina jiran faɗan Mma. Sai da muka kusa gida ta ce, "Ke da safe me kike ci?"

Na ce ba na samun lokaci.

Ta ce, "Shi ke nan."

Ba ta koma Yendi a satin ba. Kullum da safe sai ta aika a sayo koko da ƙosai, ta ajiye a gabana, ta tsaya a kaina sai na cinye tas. Sannan ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kawo kwano biyu, ɗaya nawa ɗaya na Nasiba, kowa da cokalinsa. In Nasiba ta turo mini nata, Mma ta ce, "A'a, uwarki ta ƙoshi," ta mayar da shi. Kwanakin farko rabin abincin a gashi da kunne yake ƙarewa. Kunun dai har yau ba ta ƙaunarsa. Doya da manja da garin kifin da ake kawowa daga Makango ne ta fara buɗe wa baki, shi ma sai da ta gama murje shi da hannu. A awo na gaba allura ta haura kaɗan, kaɗan ɗin da ba ya isa a yi alfahari, ban kuma waiwaya na kalli kowa ba. Da muka dawo Mma ta zura yatsa ƙarƙashin jigida, ɗaya ne ya shiga. Washegari ta hau motar Yendi.

Nasiba tana makaranta yanzu, tana cin tuwo kamar mai noma, amma har gobe in na ratsa kasuwa sai na ji wata ta ce "Aaam" a bayana. Na daina juyawa. Abin da na koya bai da yawa: kada mai shayarwa ta zauna ba jariri abinci da yunwa a cikinta, kuma in aka yaba kwanon da aka suɗe, a faɗi wanda ya suɗe shi.

Bana ƙanenta ya cika wata shida, Bawku ta sake aiko da gari. Ranar da zan fara ba shi, da sassafe Mma ta kira daga Yendi. Ba ta tambayi yaron ba tukuna. Ta ce, "Kin karya?"