Ranar da Na Sheƙa Kofi a Fatakwal

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi neman wurin da zan zauna in yi rubutu a Fatakwal. Ni malamin Islamiyya ne a unguwar Mile 3, kuma Liman ya ɗora mini jawabin walimar saukar karatun ɗalibanmu, wadda za a yi washegari. Karo na farko ke nan da aka ba ni lasifika a gaban iyaye. Ɗakina kuwa bayan tasha yake, tsakanin injin markaɗe da masu kiran fasinja. Na rubuta "Assalamu alaikum" tun da safe, har azahar ban ƙara komai ba.

Ƙanina Nasiru, mai tuƙa keke mai ƙafa uku na haya, ya ce, "Yaya, akwai wani gidan kofi da nake sauke masu kwamfuta. Shiru kamar maƙabarta. Can manyan marubuta ke wuni."

Na sa farar shaddata (wadda na tanada don walimar, ka ji wauta), na ɗauki takarduna, ya kai ni.

Tun daga ƙofa kaina ya ɗaure. Na yi sallama, ba wanda ya ɗago. Na ƙara da Turanci, nan ma shiru, kowa ya toshe kunne yana kallon kwamfutarsa. Na duba ko'ina ban ga benci ba, ban ga burodi ba, balle tulin gwangwanayen madara. To wane irin mai shayi ne wannan? Wata budurwa ta miƙo mini jerin sunayen abin sha, ban gane ko ɗaya ba, sai na dangwala yatsa a tsakiya kamar na saba.

Gaskiya wurin ya yi. Sanyi, ga shiru, alƙalami ya kama gudu. Kafin kofin ya iso na cika shafi biyu, har ina jin tausayin iyayen da za su yi hawaye gobe.

Aka kawo shi da zafi, da zanen ganye a kan kumfa. Na daɗe ina kallo, na kasa gane ko ado ne ko mantawa aka yi ba a juya ba. Na kurɓa, harshena ya ƙone. Sai tarbiyyar teburin mai shayi ta motsa. Na ce wa budurwar, "Abeg, ƙaro mini kofi, empty one." Ta kawo kofin da ba komai a ciki tana kallona. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannun dama sama, na hagu a ƙasa, na fara sheƙawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, mai shayi da manyan kofuna masu zurfi yake sheƙa nasa, kuma ya shekara yana yi. Nawa ɗan tangaran ne mai faɗin baki. Rabi ya sauka a kan jawabin, sauran a gaban shaddata. Mutanen da suka ƙi amsa sallamata duk suka cire abin kunne a lokaci guda.

"Oga, wetin you dey do?" in ji budurwar, wai me nake yi haka.

"Fifita shi nake," na ce da Hausa, don Turancin ya gudu ya bar ni. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na tsaya gaban iyaye da aron rigar Nasiru, takarda a hannu ta zama ruwan ƙasa, layi uku kawai ke karantuwa. Na karanta su, na yi addu'a, na zauna. Liman ya matso ya ce, "Malam, Allah ya yi albarka. Ba mu taɓa cin abincin walima da zafinsa ba sai bana."

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka ne, amma idan ka shiga gidan wasu, ka fara duba girman kofinsu.