Rasuwar Haƙuri, Babur ɗin Ousmane Boubacar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta daina tafasa ba, ni Ousmane Boubacar, mai gyaran keken ɗinki a unguwar Harobanda, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da dukan telolin Yamai rasuwar babur ɗina, wanda aka fi sani da Haƙuri. Ya rasu yana da shekara bakwai, a ƙasar Najeriya, kan hanyar da ta fito daga Kamba, ranar wata Laraba bayan la'asar. Motar albasa ce ta kashe shi. Amma hana shi kwanciyar kabari, wannan aikin wani kamfanin asirans ne, wato inshora, da ke kusa da otal ɗin Gaweye, wanda ba zan ɓata takardata da sunansa ba.

Marigayin mai ladabi ne. Da safe sai ya yi tari sau biyu, kici-kici, a na uku ya tashi. Ya ɗauki akwatin kayan aikina, ya ɗauki kan keken ɗinki ɗaure da roba, wani lokaci har da tela mai keken a baya, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ohon ɗinsa ya dishe tun shekararsa ta biyu, fiiiƙ, kamar akuya mai mura, amma telolin Lamorde da shi suke gane na iso. Idan tsohuwar gada ta cushe, shi ne mai ratsa tsakanin raƙumi da taksi ba tare da ya taɓa kowa ba. Aibinsa ɗaya da na sani, yana ƙin ruwan sama.

Ga yadda ajali ya zo. Mun je Kamba sayen allurai da kayan gyara, muna dawowa sai motar albasar ta kauce wa rami ta zaɓe mu. Ni na faɗa cikin gonar gero da tsagewar kafaɗa. Shi kuwa ya shiga ƙarƙashin taya. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙwaras, daga nan sai fitilarsa ta lumshe.

Ban yi kuka sosai ba a ranar, domin ina da takarda a aljihu. Wani ma'aikacin kamfanin ne, Mushe Amadou, ya sayar mini da ita, irin mai tsadar da ke biyan babur ko a ƙetare ya mutu. Ranar da nake saye har kujera ya jawo mini, yana kirana babban yaya. A nan Yamai idan an ce Mushe girmamawa ce. Mutanen Kamba suna da wata ma'anar kalmar, kuma yanzu na koma bayansu.

Ɗan sandan da ya zo wurin haɗarin mutumin kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. Ya tambayi sunana, na faɗa, ya rubuta yadda suke rubutawa a can: Usman Abubakar. Ni ma da kafaɗa a hannu ban tsaya duba haruffa ba. Da na kawo takardarsa nan Yamai, Mushe Amadou ya ajiye ta kusa da tasu, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi mini jaje, ya ce lallai wani bawan Allah Usman Abubakar ya yi haɗari, amma su ba su san shi ba, Ousmane Boubacar suka sani, shi kuwa babu shaidar wani abu ya same shi. Ina tsaye gabansa da hannu a rataye yake gaya mini haka.

Na koma Najeriya a motar haya. Aka ce takardar da ta sha hatimi ba a goge ta, sai dai in je kotu in rantse cewa ni ne ni. Na rantse. Na kawo takardar rantsuwa, Mushe ya ce da Ingilishi take, a mayar da ita Faransanci. Mai fassarar, don ya taimake ni, ya fassara har da sunan, ya rubuta Ousmane. Sai Mushe ya ce fassara ba ta yi daidai da asali ba. Mutumin nan fa ranar sunansa Ahmad liman ya raɗa masa, tsohuwarsa Amadu take kiransa, kuma duk wata yana karɓar albashi ba a ce ya kawo shaida ba.

A zuwana na tara na ɗaga murya, ban musa ba. Suka kira mai gadi, suka sa na sa hannu a wata takarda cewa Ousmane Boubacar ba zai ƙara tayar da hankali a harabar kamfanin ba. Mushe ya raka ni ƙofa yana cewa in yi haƙuri.

Marigayin ya bar kwalkwali ɗaya mai tsaga, da madubin hagu, da makulli wanda har yanzu nake lalube a aljihu duk safiya. Ya bar matata Balkissa, wadda yanzu take ƙetare gada a ƙafa zuwa kasuwa. Ya bar Haruna makaniken Lamorde, wanda ya duba gawar ya cire hula. Ya bar teloli da yawa da kekunansu a tsaye, kuma rabinsu sun fara kiran wani mai gyaran da ke da babur, ga salla tana matsowa. Ban ga laifinsu ba. Idan aka kai salla a haka, sana'ar ma sai an rubuta mata irin wannan sanarwa.

Jana'iza ranar Litinin ce da ƙarfe takwas na safe. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, mun san iyakarmu. Za a ɗauko gawar daga Harobanda a kan amalanken jaki, a ƙetare gada a hankali, a kwantar da ita ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke fuskantar ƙofar kamfanin. A nan za a yi zaman makoki, a yi na uku, a yi na bakwai, in Mushe bai gane ni ba a kai arba'in. Akwai tabarma, akwai shayi. Duk wanda ya zo sayen asirans za a tare shi da sallama, a nuna masa mamacin, a ba shi takardun biyu ya karanta da kansa kafin ya shiga.

Masu zuwa ta'aziyya ina roƙonku kada kowa ya ce mini in yi haƙuri, ga shi nan kwance a gabanku.

Ga kamfanin kuma, ku kwantar da hankalinku. Ousmane Boubacar mutum ne mai cika alkawari, ya sa hannu, zai zauna gida. Wanda zai jagoranci zaman makokin Usman Abubakar ne. Ku da bakinku kuka ce ba ku san shi ba, shi ma bai sa muku hannu a komai ba.