Ƙuri'ar da Na Yi wa Sharhi

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai mutum arba'in da huɗu da ke shirye su tuna mini. Ranar ce na kayar da gyaran tsarin mulkin ƙungiyarmu da ni na tsara shi, ni na bi gida-gida ina nema masa goyon baya, ni kuma na kashe shi, duka da biro ɗaya.

Bari in fara faɗa muku ciwona. Ni mutum ne da ba na iya ganin farar takarda in bar ta ta huta. Duk ɗalibin ilimi a Alƙahira ya san hashiya, wato ɗan sharhin nan da ake rubutawa a gefen littafi, to tawa ta wuce misali. Littattafaina har ba a gane inda maganar marubuci ta ƙare tawa ta fara. Na taɓa yi wa sanarwar da bawwab, mai gadin gininmu, ya liƙa a bakin matakala ƙarin bayani. In na gama kuma sai na rufe yadda malaman da suke yi, in rubuta "katabahu al-faƙir", wato faƙiri ne ya rubuta, in sa sunana da kwanan wata. Abokai suka laƙaba mini Mai Hashiya (na shekara biyu ina amsawa da fara'a, a zatona yabo ne).

Ƙungiyar ɗaliban jiharmu tana da shaƙƙa guda, wato sashen haya a gidan bene, ɗaki uku a hawa na biyar, gado goma sha biyu, wadda wani bawan Allah daga gida ya kama mana tun kafin zuwana. Tsarin mulkin ƙungiya ya ce ba mai kwana a cikinta sai wanda ke riƙe da katin ɗalibi na shekarar da ake ciki. Doka ce mai kyau, ban taɓa ganin aibinta ba sai da ta biyo ta kan Malam Sabi'u.

Malam Sabi'u shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, shi ya koya mini hawa metro, jirgin ƙasan cikin gari, shi ya hana ni kuka a makon farko da na ci waken ful safe da rana har na tsani rayuwa. Ya girme ni da shekara goma. Yana da mata da 'ya'ya uku a gida, shekararsa bakwai a Masar, kuma darasi ɗaya tak ya rage masa, ilimin rabon gado. Sau biyu yana faɗuwa a kansa. Jami'a ta cire shi daga jerin ɗalibai, ta ba shi dama ta ƙarshe ya zo ya zauna jarrabawar daga waje bayan wata takwas. Ma'ana dai babu kati, babu gado. Shi kuma ba shi da halin kama ɗaki, in ya bar shaƙƙar nan karatun ya ƙare.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai ni ne sakataren kwamitin tsarin mulki. Na zauna na tsara gyara mai layi uku: duk wanda darasi ɗaya ya rage masa, a bar masa gadonsa na shekara guda. Na yi mako uku ina yawo. Na je Hadayek el-Maadi, na je Ard al-Liwa, na hau benayen da ban san ƙafata za ta iya ba, na sha shayin da ya fi ƙarfin cikina. Gyara ba ya wucewa sai da kashi biyu cikin uku na duk takardun da aka jefa a akwati, don haka na riƙa lissafa mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Lissafina ya nuna za mu tsallake, amma da ƙyar.

Ga wani abu da ya kamata ku sani tun yanzu, don kunyar ta cika. A zaɓen bara wasu sun rubuta zage-zage a kan takardunsu, wasu kuma sun sa suna don ɗan takara ya san sun cika alkawari. Abin ya ba ni haushi, na kawo sashe na musamman: duk takardar da aka rubuta wani abu a kanta ban da alama a cikin gida, ta lalace, amma za a ƙirga ta cikin jimillar da aka jefa. Na ƙara da cewa gyaran da ya faɗi ba a sake kawo shi sai bayan shekara. Ranar da aka amince da sashen har tafa mini aka yi, na koma gida ina jin kaina.

Bayan an sauko daga Juma'a muka taru a falon shaƙƙar, mu arba'in da biyar, wasu a kan tabarma, wasu a bakin ƙofa, takalma sun cika matakala har bawwab ya leƙo yana mita. Shugaba ya ce sakatare ya tashi ya tuna wa jama'a ƙa'ida. Na miƙe, na gyara hula, na ɗaga takarda sama. Tambaya uku ce a kanta, biyu na farko kan sauya sunan wani muƙami da ranar walimar sababbi, ta uku ita ce tamu. Na ce da babbar murya: "Ikhwa, 'yan'uwa, alama kawai. Ko ɗigo ka ƙara, ka zubar da ƙuri'arka." Har na maimaita sau biyu, ina kallon wasu da nake zargi ba sa fahimta da wuri.

Sai aka ba masu adawa dama, Ustaz Nafi'u ma'ajin ƙungiya ya tashi. Gaskiya ba mugun mutum ba ne, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce akwai sababbin ɗalibai biyar da ke kwana a ƙasa a ɗakin wani, suna jiran gado. Ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, nan da shekara uku shaƙƙa za ta zama gidan rasibai, wato waɗanda suka faɗi jarrabawa. Ya faɗi kalmar Malam Sabi'u na zaune a kusurwa, kansa a ƙasa, yana murza bakin rigarsa.

Jinina ya hau. Na ɗaga hannu, amsa ta cika mini baki, hujja huɗu a jere. Shugaba ya dubi agogo ya ce khalas, magana ta ƙare, kowane ɓangare ya yi magana sau ɗaya, yalla a fara. Na ce minti ɗaya kawai. Ya ce ƙa'ida ce, ya kuma tuna mini ni na rubuta ta.

Kicin ne wurin kaɗa ƙuri'a, kan firji ne tebur, kwalin taliya ne akwati. Da layi ya zo kaina na shiga ina huci. Na sa alama a ta ɗaya, na sa a ta biyu, na zo ta uku na danna alama a gidan "Na amince" har biro ya kusa huda takardar. Daga nan ne idona ya sauka a gefe. Wanda ya buga takardar ya bar fili fari tas, faɗin yatsu uku, daga sama har ƙasa.

Na rantse muku ban yanke shawarar rubuta komai ba. Hannuna ne ya tafi inda ya saba. Na fara da cewa maganar Ustaz abin dubawa ce ta fuska huɗu. Na kawo ta farko, na kawo ta biyu, fili ya ƙare na juya baya. Na rubuta cewa Malam Sabi'u ne ya tarbi rabin mutanen da ke falon nan a filin jirgi, shi ke kwana da marar lafiya a asibiti, shi ya wanke ɗan'uwanmu da ya rasu shekarar da ta wuce lokacin da kowa ya ja baya, kuma wanda darasi ɗaya ya kayar bai zama abin yarwa ba. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko girki nake yi. Na yi sauri na rufe da "katabahu al-faƙir", sunana, kwanan wata, na ninke na jefa. Na fito zuciyata wasai, kamar wanda ya sauke kaya. Ko a jikina ban ji na yi wani abu ba.

A al'adarmu a gaban kowa ake ƙirga. Shugaban kwamitin zaɓe, wani natsattse mai suna Malam Hadi, yana buɗe takarda ya ɗaga ta sama ya faɗi abin da ke ciki. Ni ina gefe da ɗan littafina ina jan layi. Na amince, na amince, ban amince ba. Muka kai ashirin da tara, su goma sha biyar, takarda ɗaya ta rage a kwali. Talatin muke nema. Na dubi Malam Sabi'u na kashe masa ido, don na san ba a karanta tawa ba. Wallahi har a lokacin tunanina bai wuce ga ƙuri'ar da za ta cece shi tana zuwa ba.

Malam Hadi ya buɗe ta. Ya juya bayanta, ya sake juyowa, ya matso da ita kusa da fuska. Sannan ya ɗaga ta sama, kowa ya ga takarda baƙi ƙirin da rubutu, har da kibiya mai nuna a ci gaba a baya. Ba a buƙaci karanta suna ba. Wani daga bakin ƙofa ya ce, a hankali, "Mai Hashiya." Dariya ta fara daga can baya ta taho, ta zo tsakiyar falo ta mutu, don mutane sun tuna abin da takardar ke nufi.

A nan ne ƙa'idar ta faɗo mini a ka, da muryata, da maimaicin da na yi sau biyu. Na miƙe na fara cewa ai niyya a bayyane take, alama tana cikin gida, kuma malamai sun yi bayani a kan niyya. Malam Hadi ya buɗe tsarin mulki ya karanta sashen nan daga farko har ƙarshe. A gefen shafin akwai hashiyata, inda na rubuta cewa ba a karɓar uzuri ko tawili a wannan babi. Ita ma ya karanta.

Abin da ya fi ƙona ni, Ustaz Nafi'u ne ya ce in jama'a sun yarda a ƙirga ta, shi ba zai yi musu ba. Amma wasu suka ce tun da aka kawo sashen an soke tasu a kan kalma ɗaya, ba za a yi doka biyu ba. Suna da gaskiya. Malam Hadi ya ɗauko hatimi ya buga "baɗila" a kan rubutuna, wato ta lalace. Ashirin da tara cikin arba'in da biyar, gyara ya faɗi, sai baɗi.

Ban san yadda na sauko hawa biyar ɗin nan ba. Na tsaya a bakin titi, tuk-tuk na ta yi mini ham, na rasa inda zan nufa, ga shi a shaƙƙar nake kwana, gadona na kallon nasa. Da na koma na tarar Malam Sabi'u yana tattara kofunan shayi. Na buɗe baki, ya riga ni. Ya ce, "Ma'alish, ƙanena. Zo ka kama mini tabarmar nan." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na nemi a ba shi gadona ni in fita, aka ce gado ba na mutum ba ne balle ya bayar, kati ake dubawa. Ƙarshen wata ya koma Ard al-Liwa, wurin wani ɗan kasuwa mutumin Nijar mai tura kaya gida. Da rana yana ɗaure kwalaye, in an rufe shago ya shimfiɗa tabarma a tsakaninsu. Nakan je duk Talata da littafin gado mu yi bita, sai in tarar idonsa ya yi ja, mu yi shafi ɗaya barci ya kwashe shi a zaune. Ina kallo karatun yana zubewa, ba abin da na iya yi. Jarrabawa ta zo, ya shiga, sakamako ya fito, bai haye ba.

Ranar da zai tafi gida ni na raka shi filin jirgi, hanyar da ya ɗauko ni shekara uku da suka wuce. Da muka isa ya buɗe jakarsa ya zaro wata leda, irin wadda ake adana takardun shaida a ciki. Ƙuri'ata ce. Ashe ya je ya roƙi Malam Hadi ya ba shi ita.

Na ce don Allah ya yaga ta.

Ya girgiza kai. "Shekara bakwai da wata takwas na yi a ƙasar nan," in ji shi. "Wannan ce kaɗai takardar da aka rubuta alheri a kaina, har da hatimi. In yara sun tambaye ni abin da na samo, ita zan nuna musu." Ya mayar da ita cikin leda a hankali, ya gyara bakinta kada ta lanƙwashe, ya rungume ni, ya shige.

Da shekara ta zagayo aka sake kawo gyaran, ya wuce ba tare da wahala ba, har Ustaz Nafi'u ya goyi baya. Yau akwai mutum biyu da ke kwana a shaƙƙar nan albarkacinsa, kuma ba wanda ya san Malam Sabi'u a cikinsu. A wannan zaɓen na shiga kicin, na sa alama, na cusa hannuna na dama a aljihu, na jefa takardar da hagu. Abin da na koya ke nan, kuma wani ne ya biya mini kuɗin makarantar: in an tambaye ka e ko a'a, ka amsa ka yi shiru. Har yau in na ga farin gefe a takarda hannuna yakan motsa, sai in tuna akwai wani gida a jiharmu inda aka adana sharhina cikin leda a madadin digiri.