Ranar da na kori dilan Albert

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta watan Satumba ba, a shekarun tamanin, ranar da bakina ya kusa rufe mini ɗan gidan abincina na unguwar Belleville. Masu cin abincina ba sa taɓa kazar da ba Musulmi ya yanka ba, mai kawo mini kuma ya koma gida. Sai ƙanena Isufu, da ke karatu a Lyon, ya samo mini wani tsohon manomi, Albert, wanda ya ce zai duba ko zai bar mu mu riƙa yanka a gonarsa. Na hau jirgin ƙasa na tafi, na ɗauki Isufu muka wuce gonar.

Mun tarar da tsohon ransa a ɓace. Wani dila (irin nasu ja, mai wutsiya kamar tsintsiya) ya addabi kajinsa, kuma ranar ya shirya masa. Ni da ba a tambaye ni ba na ce wa Isufu, “Faɗa masa ubanmu maharbi ne, a cikin farauta na tashi.”

“Yaya, yaushe kika taɓa zuwa farauta?”

“Kai dai faɗa masa. Tafinta aka kawo ka ko alƙali?”

(A lokacin ban shiga lakwal, makarantar manya, ba, Faransancina na cinikin albasa ne.) Gaskiyar magana, abin da na sani na farauta shi ne wanda nake leƙowa ta kan darni a ƙauyenmu na Tawa: ganga, karnuka, kulake, duk wanda ya fara hango nama ya kwarara ihu kowa ya bi.

Albert ya ji daɗi, ya ce mu zo. Ya zaunar da mu a gindin shinge, ya ɗora yatsa a baki. Ya fiddo wani ɗan usur na katako ya busa, sai ka ce zomo ne ake murɗe wa wuya. Isufu ya raɗa mini cewa kukan ne ke janyo dilan, ya zo neman nama a ɓagas.

To, zama. Ni ko a gidan makoki ba na iya zama. Ciyawa jiƙe, sanyi ya shiga zanena, ƙafata ta mutu, hancina na ƙaiƙayi. Na gyara kallabi, Isufu ya harare ni. Na ce, “Ina karnukan?” Ya mintsine ni. Tsoho ya busa, ya yi shiru, ya sake busawa. Ni kuwa tunanina na kan tukwanena da na bari babu nama.

Can sai na gan shi. Ya fito daga gonar masara yana sanɗa, kunnuwa a tsaye. Ni na fara hango shi, ko dai haka na zata. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Ga shi nan! Ku tare!” Na cire takalmina na wurga.

Dila ya tsaya, ya kalle ni sosai, ya juya ba gaggawa. Sai a lokacin na lura ashe Albert ya daɗe da ɗora bindiga a kafaɗa, yana jiran ya ƙara matsowa.

Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya je ya ɗauko takalmin ya miƙo mini, ya yi wa Isufu 'yar magana.

“Me ya ce?”

“Ya ce dilan da ya ji usur ya ga mutum, ba ya sake amsa usur har ya mutu. Kin ba shi karatu kyauta, Yaya.”

Muka dawo ina bin su a baya, na riga na fara tunanin koyon dafa kifi. A bakin gona Albert ya ce zai ba da kajin, kafin dila ya ƙarasa su, amma Isufu kaɗai zai riƙa zuwa.

Shi ke nan, na tsira da gidan abincina. Tun daga ranar, in aka ce mini wani aiki yana buƙatar a zauna a yi shiru, tun daga gida nake cewa a nemi wata.