Tsutsar da Na Gano a Hanjin Rago

A shekarun da Nasara suka fara zama a ƙasarmu, wani falke ya ba ni gilashi mai ƙara girman abu a kasuwar Kalgo. Tun daga ranar babu abin da ya tsira daga idona, daga ƙafar tururuwa har kunnen jaki.

Da layya ta zo, taubashina Buba, makiyayi a Dodoru, ya aiko mana rago. Ana wanke kayan ciki sai na tsaga ƙaramin hanji, na ɗora gilashi. Na ga wasu 'yan tsiro cunkus kamar gero ya fito, a gindinsu ga ramuka ƙanana masu yauƙi.

Na miƙe kamar alƙali. "Tsutsa ce! Ba mai cin wannan a gidana."

Matata ta ce, "Malam, mai fa ya yi zafi." Yara sun zagaye kasko suna haɗiyar yawu. Ni dai na haƙa rami na binne kayan cikin duka, har hanta, na kuma aika wa Buba cewa garkensa ya kamu.

Sannan na fita ceton garinmu, Gwandu. Na duba hanjin ragon maƙwabcina, ga su. Na duba na liman, ga su. Kafin la'asar na gane haka Allah ya halicci kowane hanji.

Washegari Buba ya iso, ya wangale baki a gabana. "Leƙa nawa, Malam, kada a binne ni ban shirya ba."

Har yau duk layya jikokina sukan kawo mini hanji a akushi, su durƙusa da ladabi. "Kaka, a soya ko a haƙa?"