Auren da Na Ɗaura wa Idi Mai Gyaran Rediyo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da abin da ya same ni a gidan biki a Dangora ina aji huɗu a sakandare.

Lokacin littattafan soyayya sun cika gari. Duk hutu idan na koma gida Yako, Goggo Hajara, yayar babanmu, takan zaunar da ni bayan la'asar in karanta mata tana ɓare gyaɗa, don ita ba ta yi boko ba. Akwai wani littafi da ya shiga ranta: wata Rabi ce samari biyu ke so, Nafi'u ɗan masu kuɗi mai Marsandi, da Idi mai gyaran rediyo. Idi ne ɗan gaban goshin Goggo, saboda yana durƙusawa ya gai da manya, kuma shi ya yi jinyar uwar Rabi. Nafi'u kuwa da an ambace shi sai ta ja tsaki (har gyaɗa ta taɓa jifan littafin da ita).

Sai na leƙa ƙarshe a ɓoye, na ga Nafi'u Rabi ta aura. Na dubi Goggo da hawan jininta, na ce ina! Da muka iso babin ƙarshe na kafa ido a shafi, na ɗaura wa Idi aure da bakina. Har lefe na haɗa masa. Goggo ta yi guɗa, ta ba ni tsiren da ta ɓoye wa kanta.

To, a bikin nan muna tsakar gida ana jiran a sauke tuwo, hira ta gangaro kan samarin zamani. Goggo ta gyara zama ta ce, "Ku yi koyi da Rabi, da ta bar mai mota ta auri mai hali."

Wata ƙawar amarya da ta zo daga Kano ta ce, "Goggo, ai Nafi'u ta aura."

"Ke 'yar nan, da kunnena na ji!"

"Wallahi ga littafin ma a jakata."

Goggo ta karɓe littafin ta ɗora mini a cinya. "Karanta musu, su san ba a banza muke kai ki makaranta ba."

Da mai hankali ce, da nan ta tuba. Ni kuwa na buɗe, na yi gyaran murya, na sake ɗaura wa Idi aure a gaban mata cike da gida (na manta ma akwatin lefe guda nawa na ce a farko, sai na ƙara masa). Ban ankara ba ashe ƙawar amarya na tsaye a bayana.

"Baiwar Allah, wane layi kike karantawa? Nan fa tallan littafi na gaba ne."

Dariya ta kece, har masu tuƙin tuwo suka saki muciya. Na ji kamar in shige cikin tukunyar. Goggo kaɗai ce ba ta dara ba. Ta tambaye ni a hankali, "To Idin fa?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Shi ya haɗa musu lasifikar biki."

Ta yi salati ta tashi.

A ƙaramar bas ɗin komawa ba ta ko kalle ni ba. Sai da muka hango Yako ta ce, "Naki ya fi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma kin sa na yi musu da sa'ar jikata a bainar jama'a." Daga ranar ta sallame ni daga aiki, ta ɗauki 'yar maƙwabta.

Abin da na koya shi ne, idan za ki gyara wa marubuci labarinsa, ki fara tabbatarwa kwafi ɗaya ya buga.